Muryar Bature a Siton Masara

Na daka wa surukina tsawa, na ce ya cire hularsa ya tsaya a rana. An ɗauki maganar a waya. Mutanen Hunkuyi sun ji, na Makarfi sun ji, har a Ikara wani mai shayi ya kunna mini ita bai san ni ne ba. Cikin karatun wani littafi na faɗa, amma bakina ne ya faɗa, kunnensa kuma ya ji.

Ban yi boko ba. Allo ma ban yi nisa ba aka kai ni gonar rake. Da na yi ƙarfi sai na koma lodin rake a manyan motoci, daga gonakin Kudan da Makarfi zuwa duk inda aka saya. Wata shekara motarmu ta kife a kwana muna saman kaya. Waɗanda ke gefena ba su tashi ba. Ni wani ƙarfe ya shiga maƙogwarona. A asibiti a Zariya aka sa mini roba a wuya, na daɗe ban ce uffan ba. Da murya ta dawo, ba tawa ba ce. Ba ta hawa, ba ta sauka, kamar ana jan buhu a kan siminti. Doguwar magana tana sa ni tari, shi ya sa na rage ta.

Ina kwance dangin matata suka ce ta koma gida, wannan ba zai ƙara moruwa ba. Mahaifinta ya ce babu inda za ta je. Ya buɗe rumbunsa a ƙauyensu Taba, muka ci daga ciki har na miƙe, bai kuma taɓa ambata ba. Ni ba ni da abin saka masa sai kunya, ita na riƙe da kyau. Tun daga bakin zaure nake cire takalmi. In durƙusa daga nesa, in gaishe shi kaina a ƙasa, in tashi. Ban taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba, ban taɓa cin abinci yana gani ba, in na hango shi a kasuwa sai in sake layi. Kowa yana jin kunyar surukinsa, amma tawa ta fi ta kowa, mutane ma sun sani. Abin da nake da shi ke nan.

Bayan na warke na samu gadin wani siton hatsi a Hunkuyi. A nan wani tsohon hedimasta da ya yi ritaya ya zo ya same ni. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi damina, sannan ya ce, “Kai ne mai muryar nan?”

“Ni ne.”

“Ina son ta.”

“Ɗauki. Ni ma ba son ta nake ba.”

Ya yi dariya ya zauna a kan buhu. Ya ce akwai wani tsohon littafi da wani Bature ya rubuta da Turanci a kan zamanin mulkinsu, su ma sun karanta shi suna makaranta. Da ya bar aiki ya zauna ya mayar da shi Hausa. Ya gama, ya duba, ya ga babu mai karantawa, kowa waya ce a kunnensa. Shi ne yake karanta shi a waya, zai ba masu tura waƙoƙi a kasuwa su sa wa mutane a memori. Labarin shi ke karantawa da bakinsa, amma inda mutane ke magana yana son kowa da muryarsa.

Na ce, “Ban iya karatu ba.”

“Ba karatu za ka yi ba. In faɗa, ka maimaita.”

“Wa zan zama?”

“Bature.”

Ya ce yana yaro ya ji Turawa suna Hausa, kuma haka muryarsu take, a shimfiɗe. Tun da na yi hatsari babu wanda ya ce muryata tana da amfani. Na yarda.

A cikin sito muke yi, don buhunan masara suna shanye ƙara. Bayan azahar yake zuwa. Ya kife mudu a kan buhu, ya ɗora wayar, ya karanta mini magana ɗaya, ya danna, in faɗa, ya sake dannawa. In an tayar da injin niƙa a maƙwabta, mu tsaya. In ɗan acaba ya tsaya a ƙofa yana murza mai, mu tsaya. In ruwa ya sauka a kan kwano, aikin ranar ya tashi.

Labarin na wani saurayin Bature ne da aka turo wani gari sayen auduga. A garin akwai tsohon mai unguwa da kowa ke jin maganarsa. Baturen ya koyi gaisuwa, yana tambayar sunan itatuwa, yana ba yara sukari. Da farko shi kaɗai nake yi, ko shi da kukunsa, hedimasta yana yin kukun. Na ce, “Wannan ai mutumin kirki ne.” Hedimasta ya ce, “Bari mu yi nisa.”

Wata rana na dawo daga masallaci na tarar da takalmi a ƙofar sito. Na roba ne, an ɗinke dunduniyar da zaren buhu. Na san su. Na fi sanin su da fuskar mai su, don su nake kallo duk Juma’a in na je gaisuwa. Na cire nawa, na durƙusa a waje.

Hedimasta ya leƙo. “Shigo mana.”

“Baba na ciki.”

“Ai shi ne mai unguwa.”

Surukina ya daɗe yana ladanci a masallacin unguwarsu kafin gwiwa ta hana shi, muryarsa har yau tana da kauri. Da na yi tunani da na gane wa hedimasta zai nema. Na gaishe shi daga inda nake, ya amsa. Sannan ya yi magana, ba da ni ba, don ba ya magana da ni kai tsaye in da mutum na uku.

“Hedimasta, ce masa ni na ce a kira shi. Yaron da ka fara kawo mini, muryarsa kamar mai tallar sabulu a rediyo. Da ka bar shi da mata sun so Bature.”

Waya ɗaya ce, dole bakinmu ya zo kusa da ita. Na ce ba zan iya zama gaba da gaba da shi ba. Hedimasta ya ce to yaya za a yi. Na ɗauko igiya na ɗaura daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi, na rataya buhunan da babu komai a ciki suka zama labule. Aka ajiye wayar a ƙarƙashi. Baba ya zauna a kan buhu ta can, ni na zauna a ƙasa ta nan. Ba na ganin komai nasa sai yatsun ƙafa.

Haka muka yi ta yi har masara ta yi goyo. A littafin Baturen yana kiran mai unguwa gidansa, ya ba shi kujera, ya zuba masa shayi a kofinsa, ya ce masa abokina. Ni ke faɗin abokina ɗin, ga surukina, ta bayan buhu. Ranar farko da na faɗa sai da na yi gumi. Shi ko a jikinsa. Har ƙari yake yi.

“Bature, shayin nan naka ruwan zafi ne kawai.”

Hedimasta ya danna ya tsayar. “Baba, ba haka aka rubuta ba.”

“To wanda ya rubuta bai sha ba.”

Na ji dariya ta taso mini, na haɗiye ta. Shekara da shekaru ina auren ’yarsa, ban san yana da barkwanci ba.

Sai muka zo wurin da hedimasta ya ce in jira. Wani babban Bature ya zo rangadi daga birni. Ya shigo ya tarar da tsohon a kan kujera da kofi a hannu. Ya dai tsaya yana kallon ƙaramin Baturen. Shi kuma ƙaramin sai ya juya wa tsohon. Wa ya ce ka zauna. Sauka. Cire hula. Fita ka tsaya a rana sai an kira ka.

Hedimasta ya karanta mini, ya danna. Na faɗa.

Ya tsayar. “Wannan ai ban haƙuri ne, ba tsawa ba.”

Na sake. Ya ce kamar mai roƙon iri. Na sake, tari ya sarƙe ni. Ta bayan labule yatsun ƙafar Baba ba su motsa ba. Na tashi na ɗauki takalmina a hannu na fita, ban dawo ba sai da na tabbata sun tafi.

Na iske matata tana tankaɗe. Ba ta ɗago ba ta ce, “An ce Bature ya gudu.”

“Wa ya ce?”

“Akwai abin da ke ɓoyuwa a garin nan?”

“Ubanki ne fa.”

“Na sani, ai na riga ka saninsa. Kai da mota ta danne ba ka gudu ba, sai buhun da babu komai a ciki ya kore ka.”

Ta karkaɗe rariya, ta ce Baba ya aiko, gobe in same shi a gona, ba a gida ba.

Na same shi da hantsi a gindin ɗorawa, ya miƙe ƙafa, sandarsa a gefe. Na durƙusa inda na saba. Muka gama gaisuwa. Babu kowa sai mu, don haka ya yi magana da ni, amma masara yake kallo.

Ya ce yana goye aka ɗebi ubansa aikin tilas, haƙar kuza. Wasu ba su dawo ba, shi ya dawo. Baba ya tashi ya ga ubansa ƙaƙƙarfan mutum, babu mai riga shi kai ƙarshen kunya a gona. Amma in ya ji ƙarar mota a hanya, ko yana tsakiyar noma, sai ya ajiye fartanya, ya cire hula, ya tsaya har ta wuce. Ko motar ɗan kasuwa ce. Turawa suka tafi, bai daina ba.

“Muna yara dariya muke masa. Har kwaikwayonsa muke a bayan gida. Bai taɓa gaya mana abin da aka yi masa ba, mu ma ba mu tambaya ba. Da hedimasta ya karanta mini wurin nan, na ce to, ga shi.”

Ya gyara zama, ya ci gaba.

“In ka faɗa da taushi, jikokina za su ji su ce ashe abin bai kai ba.”

Na ce, “Baba, bakin nan hatsinku ya ci.”

“Hatsin ya daɗe da narkewa. Ba don ka yi mini shiru na ba ka ba.”

“Mutane za su ji.”

“Don su ji ake yi.”

Na koma Hunkuyi a ƙafa, ko da yake akwai acaba. In na ƙi, na saɓa masa a abu na farko da ya taɓa nema a wurina. In na yi, abin nan ɗaya da nake ba shi ya fashe, a gaban duk wanda ke da waya. Na duba ban ga hanya ta uku ba.

Da muka sake haɗuwa a sito, Baba ya ce wa hedimasta a sauke buhunan. Aka sauke. Na sunkuya zan cire takalmi, ya ce, “Ce masa ya bar su. Bature ba ya cire takalmi.” Ya zauna a kan buhu kamar mai kujera, da kofin roba a hannu. Ni na tsaya a kansa. Hedimasta ya yi ta maimaita mini maganar har ta zauna, don kada a yanke ta a tsakiya. Ya ɗaga wayar tsakaninmu, ya danna.

Kalmar farko ce ta yi nauyi. Da ta fita, sauran suka biyo ta da kansu. Ƙirjina ya buɗe, tari bai zo ba. Muryar nan da yara ke gudu in sun ji ta, ranar ta sami wurinta. Na ce ya sauka. Na ce ya cire hula. Na ce ya fita rana.

Sai ya sauka. Da gwiwoyin nan nasa da ba sa lanƙwasuwa, ya zame daga kan buhu ya kai ƙasa. Ya sa hannu ya cire hular. Babu wanda ya sa shi, waya ba ta da ido a wannan aikin. Ban taɓa ganin kansa ba sai ranar. Furfura ce gajera, da tabon tsohon ƙaho a ƙeya. Ya riƙe hular da hannu biyu a ƙirji, ya faɗi abin da tsohon da ke cikin littafin ke faɗa, “To, ranka ya daɗe.” Ba muryar ladan ba ce. Wata ƙaramar murya ce da ban san yana da ita ba, kuma ban tsammanin tasa ce.

Hedimasta ya manta bai tsayar da wayar ba. Duk wanda ya saurari wurin zai ji shiru mai tsawo, sannan injin niƙa ya tashi. Bai goge ba, ya bar shi haka.

Shi ya kama Baba ya tayar da shi. Ni na kasa taɓa shi, na kasa kallonsa. Na fita na zagaya bayan sito na zauna a kan dutse.

Abin da na yi ta juyawa a raina shi ne sauƙin da abin ya yi. Na so ya yi mini wuya fiye da haka. Da can ina ganin sai mugu yake iya yi wa tsoho irin wannan. Baturen littafin ba mugu ba ne, ni na yi muryarsa tun daga farko, na san shi. Yana son tsohon. Amma wani nasa ya tsaya yana kallonsa, sai ya zaɓi inda zai tsaya, kuma bai sha wahalar zaɓen ba. Daga baya a littafin ya yi nadama, ya aika wa tsohon da buhun gishiri. Na faɗi wannan ma a waya. Ban ji ta wanke komai ba.

Sauran wuraren da suka rage babu mai unguwa a ciki, ni da hedimasta muka ƙarasa. Juma’a ta zo ban je Taba ba. Wata Juma’ar ta zo, na ce wa matata zazzaɓi nake ji. Ta dube ni ta ce Allah ya sawwaƙe, zazzaɓin nan ya san kwanaki.

Kafin a girbe masara karatun ya bazu. ’Yan acaba in sun wuce sai su ce, “Bature, a cire hula ne?” Wannan bai dame ni ba. Amma a Taba an san muryoyin biyu. Wata gwaggon matata ta ce tun da take ba ta taɓa jin inda aka yi haka ba, littafi ko ba littafi ba. Wani dattijo da ke yaba ni a gaban ’ya’yansa ya daina amsa gaisuwata da tsawo. Wasu suka ce laifin hedimasta ne da ya haɗa surukai ɗaki ɗaya. Ban yi gardama da kowa ba. Ni ma da wani ne ya yi, abin da zan ce ke nan.

Ranar wata kasuwa ina zaune a kan tabarma a ƙofar sito, acaba ya tsaya. Baba ne a baya. Kafin in miƙe ya dogara sanda ya iso, ya zauna a tabarmar, kafaɗarsa kusa da tawa. Na yunƙura zan matsa ƙasa, ya riƙe mini bakin riga. Ya kwance leda, dafaffiyar gyaɗa ce a ciki, ya ajiye tsakaninmu.

“Ci.”

Na ɓare ɗaya na sa a baki. Mutane suna wucewa suna kallo.

Ya ce, “Ka ji ƙarshen littafin?”

“Na ji.”

“Baturen ya koma ƙasarsu ko?”

“Ya koma.”

“Tsohon fa?”

“Ba a sake maganarsa ba.”

Ya gyaɗa kai. Ya ce jikokinsa sun saurara, babbar ta zo ta tambaye shi ko da gaske an yi haka, ya gaya mata labarin ubansa. Shi dai bai saurari wurin ba, ba kuma zai saurara ba, yana nan aka yi. Daga nan ya koma maganar tsutsa a masara, da wani maƙwabcinsa da ke matso da iyakar gona. Muka cinye gyaɗar.

Juma’ar da ta biyo na je Taba da niyyar mayar da komai yadda yake. Na cire takalmi a bakin zaure, na durƙusa daga nesa, na sunkuyar da kai. Ya bari na gama gaisuwa, ya ce, “Matso, ba na jin ka daga can.” Kunnensa lafiya lau. Na matsa. Ya sa aka kawo fura, ludayi biyu.

Kunyar ba ta koma ba. Na gwada, shi ya ƙi. Yanzu yana kirana a waya ya yi ta hira, yana tsokanata a gaban matata, yana neman shawarata a kan gona. Wasu sun ce na yi sa’a, wasu har yau ba sa so. Ni ban san me zan kira shi ba. Abu ɗaya nake da shi na ba shi, ya karɓa ya kashe shi a kan ubansa, kuma nasa ne, yana da ikon yin haka. Wani lokaci dai ina kewar nesan nan da nake durƙusawa.

Hedimasta ya fara wani littafin, ya ce akwai Bature a ciki. Na ce ya nemi wani. Ina nan Hunkuyi ina gadin siton. Baba yana Taba, gwiwa ta ƙara tsananta, ba ya kaiwa gona. Ranar Juma’a ina hawa acaba in je, mu zauna tabarma ɗaya, shi yana magana ni ina ji.